Masu rai a cikin ruwan kanwa

Duk wanda ya ratsa ta layin masu kanwa a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a kasuwannin Maraɗi da Tawa, ya san abin da idonsa zai gani: tsibi-tsibi na farar kanwa da jar kanwa, da manyan dunƙulen ungurnu da suka sha doguwar tafiya daga gabashin tabkin Cadi, ga dillalai suna ɗanɗanawa a harshe kafin su sa kuɗi. Makiyayi yana saye domin lasar dabbobinsa, uwargida tana saye domin wake da miyar kuka da ɗanwake, mai taba yana saye domin garinsa. Ba a banza aka yi mata kirari da uwar gami ba. To amma in ka tambayi dattijon fatake ko akwai mai rai a cikin ruwan da kanwar ke fitowa, dariya zai yi maka, ya nuna maka yadda ƙafafun masu haƙarta ke tsattsagewa, ya ce ruwan da ke cin fatar ɗan Adam wace halitta ce za ta yi gida a cikinsa?

Jama'a masu karatu, dattijon yana da hujjarsa, sai dai ido ne ya yaudare shi. Masana da suka ɗebi wannan ruwa suka sa shi ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu sun tarar da shi cike maƙil da ƙananan halittu, har ma sun shaida cewa a duk ruwayen da Allah ya shimfiɗa a duniya, kaɗan ne suke haifar da abin rai da yawa kamar tabkunan kanwa. A wasu daga cikinsu, a gabashin Afirka, an auna abin da ke tsirowa a kowace rana ya ninka na yawancin tabkuna da koguna fiye da sau 10. Kuma daga cikin waɗannan halittu akwai waɗanda mutane ke miya da su, akwai waɗanda aka yi arziki da su a ƙasashen Turai, akwai waɗanda har rigima ta tashi a kansu tsakanin wata gwamnati ta Afirka da wani babban kamfani na Amurka.

Yadda tabki ke zama na kanwa

Hausawa sun ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Wannan magana ita ce darasin farko na ilimin sinadarai, wanda aka koya mana a lise da ƴar takarda mai canza launi. Masana suna da ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Tsarkakakken ruwa yana kan 7. Abin da ya yi ƙasa da haka tsami ne, kamar ruwan tsamiya ko na lemun tsami. Abin da ya haura kuwa yana wajen kanwa da toka. Jinin mutum yana wajen 7,4, ruwan teku wajen 8, tabkunan kanwa kuma daga 9 har zuwa 12. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe mu, domin kowane taki ɗaya ninki 10 ne.

Abu uku ne ke haɗuwa su yi irin wannan tabki. Na farko, kwari wanda ruwa ke shiga amma ba ya da mafita. Na biyu, rana mai ƙarfi wadda ke shanye ruwan fiye da yadda yake zuwa. Na uku, wanda shi ne ba kowa ya sani ba, ƙasar wurin ta kasance mai ƙarancin sinadarin alli. Inda alli ya yi yawa, shi ke kama sinadarin da ake kira karbonat ya kwantar da shi ya zama farar ƙasa. Inda babu shi, sai karbonat ya haɗu da sodiyom, rana ta yi ta ƙafar da ruwan shekara da shekaru har kanwa ta fito ta yi ɓawo.

A gabashin Afirka duwatsu masu aman wuta ne ke ba da sinadarin, har akwai wani dutse a Tanzaniya, Ol Doinyo Lengai, wanda abin da yake amayarwa kansa dangin kanwa ne. A wajenmu kuwa labarin ya bi ta ƙarƙashin ƙasa. An daɗe ana mamakin yadda tabkin Cadi bai zama na gishiri ba, alhali koguna suna zuba masa ruwa kuma babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ashe ruwan yana sulalewa ne ta cikin rairayi, ya kwashi gishirinsa ya tafi da shi, ya je ya ɓullo a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan yashi na ƙasar Kanem, inda rana ke ƙarasa aikin. Ungurnun da fatakenmu ke saye daga can yake. Su ma kwaruruwan ƙasar Manga, wajen Gure da Gudumariya da Maine Sorowa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa kusa da sama ya ƙafe ya bar kanwa, haka nan a Gidimuni da Dallol Boso.

Miyar da ta ba Turawa mamaki

A shekarar 1940 wani masanin tsirrai na Faransa, Pierre Dangeard, ya ba da labarin wani busasshen abu mai launin kore da aka aiko masa daga kasuwar Masakori ta ƙasar Cadi. Mutanen wurin suna kiransa dihe. Lokacin yaƙin duniya ne, ba wanda ya kula. Sai a 1964 zuwa 1965 wani ɗan ƙasar Beljik, Jean Léonard, da ke cikin wata tawagar ratsa Sahara, ya sake ganin abin a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da aka auna shi a Turai aka tarar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na busasshensa sinadarin gina jiki ne, wato ya fi busasshen wake ninki biyu da wani abu. Shi ne abin da ake sayarwa yau a kantunan magani da sunan spiruline.

A ido kama yake da gansakuka, amma masana sun ce dangin bakteriya ne masu cin hasken rana kamar yadda ganye ke yi. A ƙarƙashin madubi siffarsa ta zare ce mai murɗe, wanda tsawonsa bai kai milimita ɗaya ba. Yana da ƴan jakunkunan iska a jikinsa masu sa shi ya taso saman ruwa, iska kuma ta koro shi bakin gaɓa ya taru kamar kunu. A nan matan Kanembu ke shiga su kwashe shi da ƙwarya ko kwano, su yi ɗan rami mai faɗi a cikin rairayi su zuba, rairayin ya shanye ruwan, su tsaga shi gida-gida, rana ta busar. Da shi ake miyar da ake cin tuwon gero. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa tabki ɗaya tak, Kosorom, yana ba da kimanin tan 40 na dihe a shekara, wanda kuɗinsa ya haura dalar Amurka 100.000, kuma a hannun mata wannan ciniki yake.

Abin lura a nan shi ne kanwar ce ke tsaron gonar. Wannan halitta tana son karbonat domin shi ne abincinta, alhali yawancin tsirrai da ƙwarin da za su yi gasa da ita ko su cinye ta ba su iya jure ruwan. Gona ke nan mai taki a jikinta, wadda ba ta buƙatar noma ko shinge. Mutanen Aztek na ƙasar Meksiko ma sun san ta, suna kwasarta a tabkin Texcoco kafin zuwan Sifaniyawa, kuma a can ne aka kafa masana'antarta ta farko a shekarun 1970. Daga baya aka yi ta noma ta a kududdufan siminti a ƙasashe da dama, har da Kudugu ta Burkina Faso da Dogon Dutsi a nan ƙasarmu, domin taimaka wa yara masu tamowa. Sai dai a yi hattara da masu talla, waɗanda ke cewa tana warkar da kowace cuta. Ƙarin abinci ce mai kyau, cokali ɗaya a kan kunu. Ba ta maye gurbin tuwo, balle likita. Ita ma dihen gargajiya aibinta rairayin da ke maƙale mata, shi ya sa aka koya wa wasu ƙungiyoyin mata a Cadi tacewa da ƙyalle da shanyawa a kan raga.

Ja bayan kore

Idan rani ya yi nisa, ruwa ya ja baya, gishiri ya ƙaru, sai koren ya mutu, wani launi ya karɓi wurin. Tabkin Magadi na Kenya da tabkin Natron na Tanzaniya sukan yi ja kamar an yanka raƙuma a ciki, har daga sararin samaniya ana ganin jan. A Magadi lita ɗaya ta ruwa takan ɗauki gishiri fiye da giram 300, alhali ta teku giram 35 ce. Masu wannan launi wasu halittu ne da ake kira arkiya. Da ana ɗaukarsu bakteriya ne, sai a 1977 wani masani na Amurka, Carl Woese, ya nuna cewa zuriyarsu dabam ce. A 1984 masana na jami'ar Leicester ta Ingila suka raɗa wa wasu daga cikin na Magadi suna Natronobacterium da Natronococcus, wato dai ƴan kanwa. Jan launin kariya ne gare su daga zafin hasken rana.

Yaya suke tsira? Haɗari biyu ne ke gabansu. Na farko ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Kowace uwargida ta san in ta barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir ruwa ne zai fito, domin gishiri janye ruwa yake yi. Halittar da ta faɗa cikin ruwan Magadi haka za a tsotse ta ta bushe. Su arkiya dabararsu ita ce su cika cikinsu da wani gishirin, na potasiyom, har na ciki ya yi daidai da na waje, babu mai jan wani. Sun saba da haka har ta kai in aka sa su a ruwan rijiya kumbura suke yi su fashe. Wasu bakteriya kuma ba su yarda gishiri ya shiga cikinsu ba, sai su ƙera wasu sinadarai masu riƙe ruwa su tara.

Haɗari na biyu ita ce kanwar kanta. Abin da ke sa ta nunar da wake da wuri, ta tausasa nama mai tauri, shi ne ke sa ta narkar da jikin mai rai. Waɗannan halittu suna da ƴan ƙofofi a fatarsu, waɗanda dare da rana suke fitar da sodiyom suna shigo da ɗan tsamin da ke akwai, ta yadda ko ruwan waje ya kai 10 ko 11, cikin jikinsu yana nan wajen 8. Kamar mai gida ne a bakin hamada, wanda in ya daina sharar rairayi kwana biyu ɗakinsa ya cike.

Ƙarƙashinsu kuma, cikin baƙin taɓon nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk mai haƙar kanwa ya sani, akwai wata al'umma da ba ta son iska, tana cin gawar na sama tana fitar da iskar ƙibiritu. A samanta akwai masu cin wannan iskar. Irin waɗannan na ƙarshe ne wani kamfani na ƙasar Holand ke sakawa cikin manyan tankuna domin tsabtace iskar gas.

A kan wannan kore da ja ne manyan halittu ƙalilan suka dogara. Akwai wani ɗan kifi a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Magadi wanda ya canza yadda yake fitar da dattin jikinsa, yana yin irin na fitsarin mutum, domin hanyar sauran kifaye ba ta aiki a cikin kanwa. Akwai kuma tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da lanƙwasasshen baki, ƙaramin filamingo, wanda ke tace spiruline da bakinsa, kuma daga abincin ne gashinsa ke samun launin ja-ja. Kusan kashi uku cikin huɗu na irinsa a duniya a tabkin Natron ake ƙyanƙyashe su, a tsakiyar ɓawon kanwa inda kura da dila ba su iya zuwa. Baturen da ya gano wurin a 1954, Leslie Brown, da ya ce zai taka da ƙafa, kanwa ta ƙone shi har ya kusa rasa ƙafafunsa.

Wa ke da abin da ke cikin kwalba?

Ga inda maganar ta shafi ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati. Halittar da ke rayuwa a cikin kanwa, kayan aikin jikinta ma ba su tsoron kanwa. Garin wanki kuwa, wanda muke kira omo, ruwansa dangin ruwan kanwa ne. Saboda haka masana'antu suka daɗe suna neman sinadaran narkarwa, waɗanda ake kira anzim, masu iya aiki a cikinsa.

A 1992 wasu masana daga Ingila da Holand suka ɗebi ruwa da taɓo a tabkunan kanwa na Kenya, ciki har da Bogoriya da Nakuru. Daga abin da suka ɗiba aka samu anzim guda biyu da suka shiga hannun kamfanin Genencor na Amurka: ɗaya ana sa shi cikin garin wanki, ɗaya kuma shi ke tausasa wandon jin ya ba shi launin koɗewa, aikin da a da ake yi da duwatsu. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta tashi ta ce an ci riba da dukiyar ƙasar ba tare da an ba ta kome ba, ta ce za ta nemi haƙƙinta. Kamfanin ya musanta, ya ce da izini aka ɗebi ruwan. A 2007 wani kamfanin dabam, Novozymes na ƙasar Danmark, ya ga ya fi masa sauƙi ya zauna da hukumar tun da wuri, suka sa hannu kan yarjejeniyar raba amfani.

Ba Kenya kaɗai ba ce. A Wadi Natrun ta Masar, inda Fir'aunoni ke ɗebo kanwar busar da gawarwakinsu, an samu wata bakteriya wadda a 1985 masana na Jamus suka gano wani sinadari a jikinta mai suna ektoyin. Yau yana cikin man shafawa masu tsada da maganin ɗigawa a ido da hanci. Daga wata arkiya ta wannan kwari kuma aka ciro wani sinadari mai jin haske, wanda tun 2007 masu binciken ƙwaƙwalwa ke dasawa a jijiyoyin dabbobin gwaji, su haska masu fitila mai ruwan ɗorawa jijiyar ta yi shiru. Wa zai ce abin da ke cikin ruwan kanwa zai kai nan?

Dokar duniya ta biyo baya a hankali. Yarjejeniyar Rio ta 1992 ta amince cewa kowace ƙasa ita ke da iko da halittun da ke cikinta. Ta Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta ce sai an nemi izini kafin a ɗiba, kuma a raba amfani da ƙasar da al'ummar wurin. Nijar tana cikin duka biyun. To amma zamani ya riga ya yi gaba: yanzu ba sai an fita da kwalba ba, ana karanta rubutun gadon halittar a zuba shi cikin kwamfuta, wani a wata nahiya ya ɗauka ya ƙera abin da yake so. Wannan ne ya sa a taron Kali na ƙasar Kolombiya, a 2024, aka amince da kafa asusun da kamfanoni za su riƙa zuba wani abu a ciki.

A ganina, takarda ba ta tsare abin da mai shi bai san yana da shi ba. Jami'in duwan ya iya ƙirga buhunan kanwa a bayan kamiyo, ya san kuɗin kowanne, amma ƴar kwalbar ruwan kwari a aljihun baƙo ba za ta ce masa kome ba. Muna da jami'o'i a Yamai da Damagaram da Difa, kuma kwaruruwan suna kusa da biyu daga cikinsu. Ɗiban ruwa, auna shi, da rubuta abin da ke ciki da sunan ƙasar kafin wani ya rubuta da nasa, aiki ne da bai kai kuɗin mota ɗaya ta ma'aikatar minista ba.

Kuma lokaci ba ya jira. Waɗannan halittu da suka gagari gishiri da zafi, abu kaɗan ke kashe su in yanayin wurin ya canza. A Kenya, tun wajen 2010 ruwan tabkunan Nakuru da Bogoriya ya yi ta ƙaruwa, kanwar ta tsinke, spiruline ta ragu, filamingon da a da ke rufe Nakuru har fiye da miliyan ɗaya suka watse neman abinci. Ruwan daɗi ne ya yi masu illa. A Natron, shirin kafa masana'antar kanwa da kamfanin Tata na Indiya ya kawo a 2006 ya gamu da adawa har ya janye a 2008. A ƙasar Manga kuwa abokin gaba rairayi ne: tuddan yashi suna tafiya suna binne kwaruruwa, da dabinonsu da gonakinsu da kanwarsu, shi ya sa ake ta kafa shingayen kara da na ƙirare a kan tuddan wajen Gure da Maine Sorowa. Bugu da ƙari, tun harin da aka kai Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, hanyoyin fatauci na bakin tabkin Cadi suka rikice, mutane da yawa suka bar garuruwansu. Kwarin da yashi ya rufe, fatake za su nemi kanwa a wani wurin, su ƙara ƴan daloli a kan buhu. Abin da ke cikin ruwansa kuwa ya tafi ke nan, ba tare da an taɓa sa shi ƙarƙashin madubi ba.